Zumunta A Ƙafa Take: Tarihin Coci Da Riƙon Marayu A Ƙasarmu

  

Na san wani zai ga kan wannan maƙala ya ce, me ya haɗa mutumin ƙasar Gumel, Musulmi ɗan Musulmi, da tarihin coci? Amsa ita ce aikin da na yi. Shekarun da na yi a ofishin jin daɗin jama'a sun sa na zauna da limamai da fastoci da masu unguwanni a kan yaro guda, kowa na cewa shi ne mai tausayinsa. Kuma mu tuna a ajinmu ba Musulmi kaɗai ba ne. Akwai 'ya'yan ma'aikatan reluwe na Gagarawa da 'ya'yan 'yan sanda da na kwastan na Maigatari, waɗanda kwano ɗaya muka ci da su. Abin da nake so in nuna shi ne, a cikin shekaru fiye da 100 coci ta gwada hanya biyu wajen taimakon maraya a Arewa. Ɗaya ita ce a ɗauke yaro a kai shi wani gida da aka gina dominsa. Ɗayar kuwa ita ce a tashi mutane su taka zuwa inda yaron yake. Ta farko ta ceci rayuka, amma ta bar zargin da har yau bai gushe ba. Ta biyu ba ta da gini ko allon suna, amma ita ce mutanenmu suka iya zama da ita.

Yaro na farko daga wannan yanki namu da tarihi ya riƙe sunansa a hannun mutanen coci shi ne Dorugu. An haife shi a Dambanas ta ƙasar Damagaram, maƙwabtanmu na tsallaken iyaka. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka kai shi Barno, inda wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim. Barth ya bi ta Gumel a watan Maris na 1851, ya sake bi a ƙarshen 1854 a kan hanyarsa ta komawa Kukawa daga Kano, wannan karo tare da Dorugu. A 1855 aka tafi da yaron Ingila, ya zauna gidan wani malamin mishan, Schön, wanda daga bakinsa ya rubuta yawancin abin da ke cikin littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya dawo, ya ƙare rayuwarsa a Nassarawa ta Kano, a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912. Ya sami ilmi, ya ga duniya, amma ya tashi nesa da danginsa da addinin garinsu. Duk gardamar da za ta biyo baya tana cikin labarin wannan yaro guda.

Da Turawa suka ci ƙasa, Gwamna Lugga ya kafa dokar 1901 wadda ta ce duk yaron da aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba. Sojoji suka riƙa tare ayarin fataken bayi, sai ga yara ƙanana a hannun gwamnati, waɗanda wasunsu ko sunan garinsu ba su sani ba. Aka buɗe musu Gidan 'Yantattun Bayi a Zungeru, aka buɗe wani a Barno. Abin bai yi daɗi ba, domin yaran sukan zo a galabaice, mutuwa ta yi yawa, kuɗi kuma ya yi wa gwamnati nauyi. A 1909 aka miƙa yaran Zungeru ga mishan ɗin SUM, wanda ya gina musu gida a Rumasha, a bakin Binuwai, da sunan Lucy, matar Karl Kumm da ta rasu a 1906. Daga baya aka mai da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925. Nan ne mafarin abin da za a kira gidan marayu na coci a Arewa, kuma a lura, gwamnati ce ta kai yaran da hannunta.

A ƙasashen sarakunan Musulmi kuwa, har da Gumel, ƙofa a rufe take. Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, Razdan-Razdan kuma suka riƙe wannan alkawari da ƙarfi, ba don son Musulunci ba sai don gudun tarzoma. Likita Mila na CMS, wanda Sarkin Kano Alu ya kora tare da 'yan'uwansa a 1900, shi ne ya sami zama a birnin Zariya a 1905, har aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa wajen 1929. Daga yaran da suka tashi a wannan makaranta aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Ba zan tsaya a nan ba, don labarin Wusasa sananne ne.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne asibitin kutare, domin ta nan mishan ya shigo tsakiyar ƙasar Hausa. A 1937 En'e-En'e suka miƙa wa SIM zangon kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Dalili a fili yake. Kuturta ta yi yawa, gwamnati ba ta da likitocin da za su zauna cikin kutare, mishan kuwa yana da masu son yin haka a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. A wancan zamani maganin da ake da shi allurar wani mai ce mai zafin gaske, wadda amfaninta kaɗan ne. Saboda haka likitoci suka ga hanyar kare jariri ita ce a raba shi da uwarsa kuturwa tun yana ɗanye, a kai shi ɗakin reno.

'Yan'uwa, ku dubi wannan da idon basira. Yaron nan ba maraya ba ne. Uwarsa na nan da rai, tana hango shi daga nesa, amma ba ta da ikon goya shi. A kan irin waɗannan yara aka ƙara da jariran da uwayensu suka mutu wajen haihuwa, waɗanda a ƙauye, in ba a sami mai shayarwa cikin dangi ba, kwanansu kaɗan ne. Uba yakan ɗauko jinjiri a cikin tsumma ya kawo wa Baturiya, ya ce zai dawo in an yaye shi. Wani ya dawo, wani bai dawo ba. Masu tashi cikin dare su dama madara, su wanke tsumma, ba Turawa ba ne, domin Turawan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Matanmu ne na ƙasa, waɗanda ba a rubuta sunayensu a rahoton shekara. Yaran da suka girma aka riƙa kai su makarantun kwana na mishan, irin ta maza da ke Roni ta ƙasar Kazaure. Mu nan, tashar mishan da ke kusa da mu ita ce ta Garun Gabas, wajen Malam Madori.

To, yaron da ya buɗe ido a ɗakin reno, ya yi wayo a makarantar mishan, wane addini zai tashi da shi? Sarakuna suka kai kuka wurin Razdan, gwamnati kuma ta sa sharaɗin cewa kada a koya wa ɗan Musulmi addinin Kirista ba da yardar iyayensa ba. A takarda abin ya yi kyau. Amma wa zai ba da yarda a madadin maraya? Kuma uwar da ke kwance tana karɓar magani a hannun mutum, ina ta ga bakin da za ta ce masa a'a? Su kuma 'yan mishan suna da tasu hujja, wadda ba ta wasa ba ce. Sukan ce, ranar da aka kawo yaron nan fata da ƙashi ba wanda ya zo neman sa, sai da ya yi ƙiba ya iya karatu sa'an nan dangi suka tuna da shi. Ni a ganina kowane ɓangare na da gaskiya a bakinsa, kuma wannan ne ya sa rigimar ba ta taɓa mutuwa ba. A tsallaken iyaka ma haka abin ya kasance. SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya wuce Tsibiri kusa da Maraɗi, ya buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956, kuma da dama daga Kiristocin farko na can yara ne da yunwa ko maraici ya jefa hannun mishan.

Abin da ya rushe ɗakunan reno ba gardama ba ce, magani ne. Daga wajen 1950 aka sami ƙwayar dafson, wadda mai ciwo zai sha yana gidansa. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna da ke warkar da kuturta sarai, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Dalilin raba uwa da ɗa ya faɗi. A shekarun 1970 kuma gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan. Turawa suka ragu, aka bar cocin 'yan ƙasa, irin su ECWA da aka kafa a 1954, ba kuɗin Ingila ba na Amurka.

A nan ne hanya ta biyu ta fito fili, ko da yake ta daɗe tana nan. Duk wanda ya zauna kusa da coci a Arewa ya san Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da tulunsu na kiɗa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne aikinsu na tsakiyar mako. Su ne masu zuwa gaisuwar mutuwa su zauna a yi girki, su ne masu tara kwanon hatsi su kai wa gwauruwa, su san ɗan wa aka koro daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa. Ba albashi, ba mota. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma ban ga wanda ya ɗauki wannan karin magana a zahirinsa kamar matan nan ba.

Na ga wannan da idona a yunwar 1984 zuwa 1985. Masu shekaruna za su tuna gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka a watan Afrilu na 1984 lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari ya haɗu da rufewar, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Kasuwar Alhamis ta Maigatari ta koma wurin sayar da dabba a wulaƙance. Mata suka riƙa tsallakowa ta cikin gonaki da yara, wasu nasu, wasu na 'yar'uwa da ta mutu a hanya. Mutanen gari sun yi iyakar yinsu, masallatai da gidajen attajirai ba su rufe ƙofa ba. A cikin masu taimakon akwai 'yan matan coci ƙalilan, matan ma'aikata, da ke dama kunu da asuba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka yi. Sun fara zuwa wurin mai unguwa, suka ce ya nuna musu gidajen da aka sauki baƙi, suka riƙa kai kunun can, a ba yaro a gaban wadda ke riƙonsa. Ba su kira yaro ko ɗaya zuwa harabar coci ba. Na tambayi babbarsu dalili, ta ce, "Malam, mu baƙi ne a garin nan. In yaro ɗaya ya kwana wurinmu, gobe ba mai karɓar kununmu." Ba ta karanta tarihin Yadakunya ba, amma ta san darasinsa.

Wannan hanya ba ta sami suna a duniya ba sai da ƙanjamau ya zo. A Nijeriya an ba da sanarwar masu ciwon na farko a 1986, amma inda ya fi yin ɓarna shi ne kudanci da gabashin Afirka, inda ya kashe iyaye matasa ya bar yara da kakanni. Ba gidan marayun da zai ɗauki wannan yawa. A garin Mutare na ƙasar Zimbabuwe, wata ƙungiyar Kirista mai suna FACT ta fara wani shiri a 1993 da ta kira FOCUS. Coci-coci na ƙauye suka zaɓi masu aikin sa kai, yawancinsu mata, da yawa kuma su ma mazansu sun mutu. Kowace aka ba ta unguwarta, ta rubuta gidajen da ke da marayu, a tantance waɗanda suka fi shiga wahala, ta riƙa ziyartarsu a kai a kai. Ta duba ko akwai abinci, ko yaro na zuwa makaranta, ko wani kawu ya fara sa ido a kan gonar gado. Kuɗin da ake kashewa a kan yaro guda a gidan marayu sai ya ishi yara masu yawa a wannan tsari. Daga baya binciken da aka fara a ƙasar Romaniya a 2000 ya tabbatar da cewa yaron da aka mai da shi cikin iyali ya fi wanda aka bari a gidan marayu girman jiki da kaifin hankali, musamman in an yi haka yana ƙarami. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka ce gidan marayu shi ne mafita ta ƙarshe. Watau masana sun zagaya duniya sun dawo kan abin da kakanninmu ke kira riƙo.

Kada dai mu yi wa riƙo kwalliya. Wanda ya yi aikin da na yi ya san ɗan riƙon da shi ne mai tashi da asuba ya kwanta ƙarshe, ya san agolan da ake ɗora wa tallar da ba a ɗora wa 'yan gida, ya san marayan da aka tura almajirci don a rage baki. Amfanin mai ziyara shi ne ido. Gidan da ya san wata za ta leƙo ranar Laraba ta tambayi yaro, ba ya yi masa abin da zai yi in ba mai zuwa.

A 2003 Shugaba Bush na Amurka ya kafa shirin PEPFAR da dala biliyan 15 na shekara 5, aka keɓe kashi 10 cikin 100 domin marayu da yara marasa galihu, Nijeriya kuma na cikin ƙasashe 15 da aka fi mai da hankali a kansu. Gwamnatin Tarayya ta yi nata tsarin na 2006 zuwa 2010, binciken da ta yi a 2008 kuma ya ce irin waɗannan yara sun kai miliyan 17 da rabi. Kuɗi ya shigo ta hannun coci-coci, musamman Katolika da kwamitocinta na kowace majami'a, ya shigo kuma ta hannun ƙungiyoyin Musulmi irin su FOMWAN da aka kafa a 1985. An yi alheri mai yawa, yara sun sami magani da kuɗin makaranta da takardar haihuwa. Sai dai kuɗi yana da nasa hali. Matar da a da take zuwa don Allah, aka ba ta jaka da riga da fom mai shafi huɗu da ɗan alawus, sannu a hankali ta koma ƙaramar ma'aikaciya, in alawus ya makara ziyara ta makara. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta dakatar da agajin ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekara an rufe hukumar USAID, shirye-shirye da dama suka naɗe tabarmarsu.

Tsohon zargin kuwa ya sake tashi a Kano a 2019, sau biyu cikin wata 3. A watan Oktoba 'yan sanda suka ba da sanarwar ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a jihar Anambara, an canja musu suna da addini, kuma a 2021 kotu ta yanke wa jagoran ɓarayin ɗaurin shekara 104. Wannan aikin masu fataucin yara ne, amma a kunnen talaka labari ɗaya ne da wanda kakarsa ta ba shi. A watan Disamba kuma hukuma ta shiga gidan marayu na Kirista mai suna Du Merci, ta kwashe yaran zuwa gidan yara na gwamnati da ke Nassarawa. A watan Yuni na 2021 Babbar Kotu ta wanke mai gidan daga tuhumar satar yara, amma aka yi shekaru ana ja-in-ja kan mayar da su, Kiristoci na kukan cewa yanzu su ne ake canja wa 'ya'yansu suna da addini. Tambayar Razdan ce ta dawo da sabuwar riga, wa ke da ikon cewa ga addinin yaron da ba shi da uba?

Jiharmu ta Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta sami dokar kare yara a watan Disamba na 2021, da sa hannun Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, shekara 18 bayan ta Tarayya. Doka ta faɗi wanda ke da alhakin yaro da kotun da za a je, amma ba ta taka ƙafa zuwa gidan kowa. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, nan kusa da mu, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu maza masu ƙarfi a jika. Gwamnati da masu hali sun kai gudummawa, manyan baƙi sun zo ta'aziyya sun koma. Yaran da aka bari suna gidajen kakanni da baffanni da gwaggwanni, kuma waɗanda aka goya a wancan dare, nan da 'yan shekaru kaɗan za a nemi wanda zai saya musu rigar makaranta.